Jirgi Na Jiran Matuƙi, Matuƙi Na Jiran Jirgi

Ba tun yau ba masu kamfanonin jiragen sama na ƙasar nan suke kukan cewa matuƙa sun yi musu ƙaranci. Ba tun yau ba kuma ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta ƙasa take nata kukan, cewa ga 'ya'yanta nan birjik a gida, da lasisi a hannu, babu aikin yi. Wanda ya ji waɗannan koke-koke biyu a rana ɗaya zai ce lalle ɗayansu ƙarya yake yi. To, babu maƙaryaci a cikinsu. Su duka biyun gaskiya suke faɗi, kuma dalilin da ya sa maganganun nan biyu suka zama gaskiya a lokaci guda shi ne abin da muke so mu jawo hankalin hukuma da na jama'a a kansa yau, musamman jama'ar yammacin Jihar Kano, waɗanda wannan sana'a ta fi kusa da ƙofar gidansu fiye da yadda suke zato.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa manomin rake na Rogo ko masuncin Karaye da maganar matuƙa jirgin sama? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fi kusa da garin Rogo a kan yadda birnin Kano yake kusa da shi. Kamfanin Kabo Air kuwa, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1980 har ya kai ga jigilar alhazai da manyan jiragen Boeing 747, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗan Kabo, Jarman Kano, shi ya kafa shi, kuma sunan da kamfanin ya ɗauka sunan gari ne da ke wannan yanki. Watau makarantar tana kudu da su, tarihin sana'ar yana gefensu, filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana gabas da su. Duk da haka sai ka zaga Zarewa da Beli da Gwangwan, ka ratso Turawa da Yammedi da Tudun Kaya, da wuya ka sami ɗalibin sakandare da aka taɓa zaunar da shi aka gaya masa ta wace hanya ake zama matuƙin jirgi ko makanikensa.

Kafin mu kai ga wannan, ya kamata mu warware kacici-kacicin da muka fara da shi, domin yawancin kurakuran da aka tafka a baya rashin fahimtarsa ne ya jawo su.

Yaron da ya shiga makarantar tuƙi ya yi kimanin shekara biyu, zai fito da lasisin tuƙin kasuwanci, bayan ya yi wajen sa'o'i 200 a sama cikin ƙananan jirage na koyo. Iyayensa za su yi walima, dangi su zo barka, a ce an sami matuƙi a gida. Amma wannan lasisi bai ba shi izinin zama a gaban jirgin fasinja ba. Kowane samfurin jirgi da tasa shaidar ƙwarewa. Wanda ya ƙware a kan Boeing 737 ba zai hau Embraer ya tashi ba sai ya koma aji, ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ya yi makonni, an jarraba shi ya ci. Wannan horo na biyu da dala ake biyansa, kuma yawanci a ƙasashen waje ake yinsa. Bayan nan ma bai gama ba. Sai wani kamfani ya yarda ya ɗauke shi, ya zaunar da shi a kujerar dama a matsayin mataimaki, ƙarƙashin kyaftin mai koyarwa, yana tara sa'o'i ɗaya bayan ɗaya. Sai ya cika sa'o'i 1500 sannan zai iya neman babban lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin, kuma kamfanoni da yawa ba sa miƙa masa kujerar hagu sai ya zarce haka da nisa.

Duk wanda ya san yadda ake zama direban babbar mota a tashoshinmu ya san wannan tsari, sai dai suna ya bambanta. Yaro yakan fara da karen mota, ya shekara da shekaru yana bin ubangidansa, yau a ba shi sitiyari a fili, gobe a ba shi a kan hanya, har ranar da mai mota zai yarda ya damƙa masa mabuɗi. Ba wanda yake zama direba a zaune a gida, kuma ba mai motar da zai ba baƙon yaro tirela cike da kaya don kawai ya nuna masa takarda.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abin da kamfanoni suke nema ruwa a jallo shi ne kyaftin, da mataimakin da ya riga ya ƙware a kan irin jirgin da suke da shi. Abin da ke zaune a gida kuwa shi ne saurayi mai sa'o'i 200. Tsakanin waɗannan biyu akwai kwazazzabo mai faɗi, kuma ba wanda ya ɗauki nauyin gina gada a kansa. Kamfani yana cewa ba zai kashe dalolinsa ya horar da yaro ba, don ranar da ya ƙware wani zai zo ya ɗauke shi da albashi mai tsoka. Yaro yana cewa ubansa ya riga ya sayar da abin da zai sayar. Hukuma kuwa tana ganin ta sauke nauyinta tun ranar da aka yi bikin yaye ɗalibai.

Jama'ar Kano ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. A 2013 Gwamnatin Jiha, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan don su koyo tuƙin jirgin sama. Niyya ce mai kyau, kuma ba mu da shakka a kan haka: jihar da jirgin sama ya fara sauka a cikinta a duk Nijeriya, tun watan Nuwamba na 1925, ta cancanci a ga 'ya'yanta a gaban jirgi. Yaran sun tafi, sun yi karatu, sun dawo da lasisi. Daga nan sai labari ya sha bamban. Lasisin waje sai an juya shi ya zama na Nijeriya a hannun Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa. Shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi ba ta cikin kuɗin da aka biya. Gwamnati ta canja hannu a 2015. Shekaru suka yi ta wucewa jaridu na ba da labarin matuƙan Kano da ke zaune ba aiki. Wasu daga cikinsu, da taimakon Allah da na masu hali, sun haye, suna tuƙa jirage a yau. Wasu kuwa sun kama wata hanyar neman abinci. Abin da ya fi ciwo shi ne, ilimin tuƙi ba kamar digiri ba ne da za a ajiye a akwati a ɗauko bayan shekara goma. Gwajin lafiya da na ƙwarewa sabunta su ake yi a kai a kai, wanda kuma ya daɗe bai tashi ba hannunsa yakan yi sanyi, sai an sake kashe kuɗi kafin ya dawo inda yake.

Ba muna faɗin wannan don mu tono tsohon miki ba, ko don mu ɗora laifi a kan wata gwamnati mu wanke wata. Wadda ta tura su ba ta shirya musu mataki na biyu ba, waɗanda suka biyo baya kuma ba su ɗauki abin a matsayin bashin da ke wuyan jiha ba. Mutumin Karaye, da ke zaune a bakin madatsar ruwan Challawa, ya fi kowa sanin cewa ruwa a tafki daban, ruwa a gona daban. In ba a haƙa magudana ba, manomi zai kwana yana kallon ruwa, shukarsa na bushewa.

A da akwai magudanar. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, da duk irin ɓarnar da aka yi a cikinsa, shi ne gandun da ake renon matuƙa. Yakan ɗauki samari, ya biya musu horo, ya zaunar da su kusa da manya har su zama kyaftin. Lokacin da kamfanonin 'yan kasuwa suka fara bunƙasa a shekarun 1980 da 1990, daga wannan gandu suka riƙa ɗibar ma'aikata, ba su sha wahalar reno ba. A 2003 aka rushe Nigeria Airways. Tun daga ranar ba a sami magajinsa a wannan aiki ba. Maganar sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air, wadda aka ƙaddamar da tambarinta a Ingila a 2018, ta ƙare a kotu ba tare da ta ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Su kuwa manyan da tsohon kamfani ya rena, ƙa'ida ta ce matuƙin jirgin fasinja ya sauka daga kujera in ya cika shekara 65. Lissafi ne mai sauƙi: saurayin da yake ɗan shekara 25 a 1983 ya cika 65 a 2023. Watau muna ta cin tsohon hatsi daga rumbu, shekara ashirin da ɗoriya ba mu yi shuka ba.

Waɗanda suka rage a tsakiya, masu ƙarfi a jika da ƙwarewa a hannu, su ne duniya take zawarci. Kamfanonin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da dala suke biya, mu kuwa da Naira, kuma kowa ya ga abin da ya sami Naira tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023. Ba za mu zargi magidancin da ya bi inda zai fi ciyar da iyalinsa ba. Amma sakamakon shi ne kamfaninmu, da ya ƙi kashe dala a kan ɗan gida, sai ga shi yana kashe wadda ta fi ta a kan baƙon kyaftin, har da masauki da tikitin zuwa ganin gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A lokacin aikin Hajji abin ya fi fitowa fili. Nijeriya ta sami kujeru 95,000 a 2023, kuma kowace shekara wani kaso na alhazanmu jiragen kamfanin Saudiyya ne ke ɗaukarsu, wani kason kuma jiragen haya da kan zo da matuƙansu. Maniyyacin Rogo da ya shekara biyar yana tara kuɗin rake da na masara, wani ɓangare na guminsa albashin baƙo yake zama.

Kada a ɗauka wannan cuta mu kaɗai ta kama. A Amurka, bayan haɗarin wani jirgin ƙaramin kamfani kusa da birnin Bafalo a watan Fabrairu na 2009, wanda ya ci rayuka 50, an yi dokar da ta ce ko mataimakin matuƙi sai ya cika sa'o'i 1500 kafin ya zauna a jirgin fasinja. Da annobar korona ta lafa, manyan kamfanoni suka kwashe matuƙan ƙananan kamfanoni masu zuwa ƙananan garuruwa, har a 2022 aka ajiye jirage da yawa a ƙasa don babu mai tuƙa su, wasu garuruwa kuma aka daina zuwa gare su. Sai da aka ƙara albashi ƙwarai, kamfanoni suka buɗe makarantunsu, sannan abin ya fara sauƙi. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, duk sa'ad da matuƙa suka yi ƙaranci, ƙaramin kamfani da ƙaramin gari su ne suke fara ji a jikinsu. A nan gida, ba hanyar Legas zuwa Abuja ce za ta rasa jirgi ba. Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Dutse su ne za a fara rage wa. Kamfanin ƙera jirage na Boeing kuma, a hasashen da yake fitarwa kowace shekara, yana cewa duniya za ta bukaci sababbin matuƙa fiye da 600,000 cikin shekara ashirin. Ke nan zawarcin ba mai ƙarewa ba ne nan kusa.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana nan cikin Afirka. Kamfanin jiragen saman Habasha ya buɗe makarantarsa ta matuƙa a 1964, shekarar da aka kafa kwalejinmu ta Zariya. Bambancin shi ne, tasu makarantar a jikin kamfani take: yaro na fita daga aji, kujera na jiransa. Tamu kuwa tana yaye ɗalibi ta sallame shi a bakin ƙofa. Ba ƙwaƙwalwa suka fi mu ba, kuma ba su fi mu kuɗi ba.

Abin da zai ba mutum takaici shi ne, Kano tana da abin da sauran jihohi ba su da shi. Bayan Kabo Air an yi IRS Airlines. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal a Kano yake da hedkwata. Azman Air ya fara tashi a 2014, ko da yake ya dakatar da zirga-zirgarsa a 2023. Rano Air ya shigo fage a 2023 da jiragen Embraer masu kujeru 50, irin waɗanda a wurare da dama a cikinsu sabon matuƙi ke fara tara sa'o'insa. Kwalejin Zariya ita ma ta sami na'urar kwaikwayon tuƙin Boeing 737. Kayan haɗi duk suna nan a warwatse, mai haɗawa ne babu.

Mun san akwai masu cewa, kuma maganarsu abin dubawa ce, yaya za a kashe wa yaro ɗaya kuɗin da zai gina ajujuwa da dama, alhali a ƙauyukan Karaye da Rogo akwai makarantun da yara ke zaune a ƙasa? Mu ma da za a ce mu zaɓa tsakanin sake tura wasu 100 waje da gyaran makarantun firamare, ba za mu yi jinkiri ba, firamare za mu zaɓa. Saboda haka ba sabon ayari muke kira a tura ba. Abin da muke kira shi ne a fara ƙarasa ginin da aka bari a tsaye. Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi da Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jiha su buɗe rajista, su san 'yan Kano nawa ne ke riƙe da lasisin tuƙi ko na gyaran jirgi, ina suke, me ya rage wa kowannensu. Aiki ne na wata guda ga ma'aikata uku masu himma. Daga nan sai Gwamnati ta zauna da kamfanonin da ke Kano a yi yarjejeniya a rubuce: jiha ta biya kuɗin shaidar ƙwarewa a matsayin rance, kamfani ya yi alkawarin kujera tun kafin a biya ko kwabo, yaro ya sa hannu zai yi wa kamfanin aiki na wasu shekaru, ana cire rancen daga albashinsa a hankali don a biya wa na bayansa. Wanda ya ga ya fi son tafiya waje kafin wa'adi, ba a hana shi ba, sai dai shi ko sabon ubangidansa ya biya abin da ya rage. Da haka tsoron da kamfani ke ji ya kau, kuɗin jama'a kuma ba su tafi a banza ba. Kuma lalle a kafa wannan asusu da doka ta Majalisar Dokokin Jiha, don kada ya mutu ranar da gwamnati ta canja, kamar yadda muka gani a baya.

Gwamnatin Tarayya ita ma tana da nata. Tun 2018 akwai umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba biyar, wanda ya ce kada a ba baƙo izinin aikin da ɗan ƙasa zai iya. Ba mu goyon bayan a kori baƙin kyaftin dare ɗaya, domin jirgi ba wurin gwaji ba ne, kuma ran fasinja ya fi kishin ƙasa na fatar baki. Amma duk kamfanin da aka ba izinin kawo baƙo, a sa masa sharaɗin ɗan gida da zai zauna kusa da shi, a kuma sa ranar da ake sa ran zai gaje shi, sannan a riƙa bin sawu.

Sa'an nan mu dawo kan yaranmu na karkara, waɗanda su ne asalin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Ƙofar kwalejin Zariya ba ta buɗuwa sai da kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma Turanci shi ne harshen da matuƙi ke magana da shi da hasumiyar filin jirgi in ya fita ƙasashen duniya. Yaron da makarantarsa ba ta da malamin Fiziks an riga an rufe masa wannan ƙofa tun yana aji huɗu na sakandare, ko da kuwa ya fi kowa basira. Jihar Kano ta taɓa maganin irin wannan matsala. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa zaƙulo yara masu hazaƙa daga ko'ina, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can su ne shaida. In ba a kula da wannan tushe ba, duk wani asusu da za a kafa 'ya'yan masu hali na cikin birni kaɗai zai amfana, ɗan Fulatan da ɗan Kurugu sai dai su ɗaga kai su ga wucewar jirgi.

Ya kamata kuma ɗalibai su sani cewa ba matuƙi kaɗai jirgi yake bukata ba. Kowane jirgi ɗaya akwai injiniyoyi da makanikai da masu kula da zirga-zirga a hasumiya da masu shirya tafiya da ke bayansa, kuma ana koyar da waɗannan fannoni a Zariya a kan kuɗin da bai kai na tuƙi ba. Ƙarancinsu shi ma yana cikin abin da ke sa a kai jiragenmu gyara ƙasashen waje su yi watanni. Yankin da yaransa ke kwance injin ban-ruwa su mayar da shi ba tare da littafi ba, bai kamata a ce ba ya cikin wannan sahu ba.

Masarautar Karaye, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tare da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da wakilinsu a Majalisar Wakilai, za su iya fara abin da ba ya bukatar jiran kasafin kuɗin jiha. Su nemi izini daga hukumar kwalejin Zariya, su ɗauki hayar mota biyu, su kai ɗaliban aji biyar na kimiyya, maza da mata, su ga jiragen koyo da ɗakin gyara da idonsu, su ji sharuɗɗan shiga daga bakin malaman wurin. Daga Rogo, in aka tashi da hantsi, kafin la'asar an dawo.